Jawabin Wakiliyar Ajin Yaƙi da Jahilci a Taron Zagayowar Shekara: Aikin Ɗaukar Muryoyi na Wasan Jatau Na Kyallu

 

 Mutanen Maigatari, na Gagarawa, na Sule Tankarkar, sannunku da hanya. Mu na Gumel mu ne masu masauki, in an ga gazawa a yi mana afuwa.

Ma'aji ta gama bayanin kuɗi, na adashi da na rance, kowa ta ji inda aka kwana. Ni abin da 'yan ajinmu suka aiko ni da shi ba kuɗi a ciki, amma akwai roƙo a ƙarshensa, don haka a ba ni kunne.

Kun san ajinmu na yamma kullum raguwa yake in damina ta faɗi, ya ƙara raguwa lokacin yankan riɗi da ɓarar zoɓo. Wadda ta yi wata biyu ba ta zo ba, in ta dawo sai ta tarar baƙaƙen sun gudu, kunya ta kama ta, daga nan shi ke nan. Ga kuma iyayenmu da ido ya yi rauni, suna son labari amma takarda ta fi ƙarfinsu. Wannan ne ya sa Malama ta kawo shawara mu ɗauki littafin wasan kwaikwayo guda, mu raba mutanen da ke ciki, kowace ta karanta nata, a ɗauka a waya, a haɗa ya zama kamar wasan rediyo. Littafin da muka zaɓa shi ne Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Shu'aibu Maƙarfi yana cikin magabatan masu rubuta wasan kwaikwayo da Hausa. Littafinsa Zamanin Nan Namu ya fito a 1959, Jatau Na Kyallu ya biyo baya. Wasanninsa a gidan rediyo a Kaduna aka fara jin su kafin su zama littafi. To kun ga ashe da kunne aka fara saninsu. Mu abin da muke yi, mayar da su muke inda suka fito. Labarin kuwa na attajiri ne, Jatau, da ya ɗauko mace mai zaman kanta, Kyallu, ya sa a gidansa duk da faɗan da aka yi masa, har gidan ya watse, dukiya ta bi iska. Duk wadda ta taɓa riƙe jari ta san yadda uwar kuɗi ke zarewa a hankali mai ita bai farga ba. Shi ya sa da muka karanta a aji babu wadda ta yi gyangyaɗi.

Kuma ba mu kaɗai ba ne a duniya masu irin wannan aiki. Malama ta ba mu labarin wata ƙungiya mai suna LibriVox, wadda wani mutumin Kanada, Hugh McGuire, ya kafa a birnin Montreal a 2005. 'Yan sa-kai ne, ba a biyan kowa ko kwabo. Suna karanta tsofaffin littattafai su ɗauka, su sa a intanet kowa ya saurara kyauta. In wasan kwaikwayo ne, kamar na Shakespeare na Ingila, sai mutum guda ya zama jagora, ya raba mutanen wasan. Wannan yana Amurka, wancan yana wata ƙasa, watakila ba su taɓa ganin juna ba. Kowa ya ɗauki nasa a ɗakinsa ya aiko, wani ya yanka ya jera, wani kuma ya zauna da littafi a hannu yana saurare don ya kamo kuskure. Da muka ji haka muka ce to, in mutanen da teku ya raba sun iya, mu da ke haɗuwa kowace Alhamis a kasuwar Maigatari me zai hana mu?

Tsarinsu muka ara. Malama ce jagora. Kowace mai murya ana kwafa mata layukanta a takarda da manyan baƙaƙe, ta tafi da ita gida ta yi ta maimaitawa. In ta shirya sai ta ɗauka. Mun gano lokacin da ya fi shi ne bayan isha'i, in an kashe injin markaɗe, awaki sun kwanta, yara sun yi barci. A shiga ɗaki mai katifa da labule, don ɗakin da ba kaya murya amsawa take kamar cikin rijiya. A kashe layin waya kada kira ya shigo a tsakiya, a riƙe ta kamar taƙi guda daga baki. In kin yi tuntuɓe kada ki tsaya, ki yi shiru kaɗan ki sake faɗin layin, mai haɗawa zai cire na farkon. Mai WhatsApp ta aiko ta nan, wadda ba ta da shi ta zo da wayar ranar kasuwa a tura. Yaranmu na Kwalejin Ilimi ta Gumel, 'ya'yan 'yan ƙungiya, su ke yanka da jerawa a kwamfuta, Allah ya yi musu albarka.

Yanzu bari in faɗi abin da aikin ya yi wa karatunmu, don shi ne dalilin farko. Karatu a zuci yana ɓoye rauni. Kina iya bin layi da ido, Malama ta ɗauka kin gane, ke ma ki ɗauka kin gane. Amma ranar da aka ce ki buɗe baki ki zama wata, sai gaskiya ta fito. Rubutun boko ba ya nuna hawa da saukar murya. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya. Fari na launi da fari na rashin ruwan sama rubutunsu ɗaya. Sai kin fahimci zancen kafin bakinki ya faɗa daidai. Ga ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, in kin tsallake ta sai ƙafa ta koma kafa. Ga alamar tambaya, ga waƙafi, ga aya, waɗanda da muke gani kamar kashin ƙuda ne a takarda. Yanzu mun san waƙafi wurin numfashi ne, alamar tambaya kuwa ita ke gaya miki yadda za ki ƙare magana. Wadda ta maimaita layi goma sau ashirin don kada ta ji kunya a gaban 'yan uwa, wallahi layukan nan ba za su sake guje mata ba. Kuma idon da ya saba da wannan shi ne zai karanta takardar rance kafin a sa hannu, ya karanta saƙon banki a waya ba sai an kira yaron makwabta ba.

Akwai wuraren da muka cije, kuma gara ku ji daga bakinmu.

Na farko, muryoyin maza. Wasu suka ce yaya mace za ta zama Jatau? Sai wata uwarmu ta tuna mana da tashe. A watan azumi 'yan mata na yin Mairama da Daudu, yarinya ta sa riga da hula ta zama maigida, kowa ya yi dariya ya ba da sadaka, ba wanda ya ce ta yi laifi. Don haka masu kaurin murya a cikinmu suka ɗauki wasu mazan, sauran muka bar wa 'ya'yanmu samari.

Na biyu ya fi nauyi, shi ne Kyallu. Har yau ba wadda ta yarda ta ɗauke ta, kuma ban ga laifin kowa ba. Garinmu ƙarami ne. Mace na tsoron ta zauna a rumfarta a wuce ana nuna ta ana kiranta da sunan, ko kishiya ta samu abin gori. To ina so iyayenmu maza da ke nan su ji, mata ma su ji. Marigayi Usman Baba Pategi ya yi shekaru yana Samanja a rediyo da talabijin, muka yi ta dariya muna ƙaruwa, da ya rasu a 2023 addu'a aka bi shi da ita. Kowa ya san mai wasa daban, wanda yake kwaikwayo daban. Wadda ta ba Kyallu murya ita ce ta ɗauki kaya mafi nauyi don 'ya'yanmu su ji su yi hankali. In babu Kyallu babu darasi. Mun kuma yanke cewa ba za a faɗi wace ce ta yi wa ba, sai dai a jera sunan aji gaba ɗaya. Wadda maigidanta bai amince muryarta ta fita ba, ba mu matsa ba, akwai aikin saurare da kwafar takarda, shi ma aiki ne.

Na uku, haƙƙin mai littafi. Su mutanen LibriVox ba sa taɓa littafi sai wanda haƙƙin mallakarsa ya ƙare. A dokar Nijeriya sai marubuci ya shekara 70 da rasuwa kafin littafinsa ya zama na kowa. Jatau Na Kyallu da masu shi, akwai iyalan marubucin, akwai kamfanin NNPC na Zariya da ya buga shi. Mu 'yan kasuwa ne, mun san zafin a ɗauki kayanka ba a tambaye ka ba. Saboda haka abin da muka ɗauka a cikin aji yake, ba na sayarwa ba ne, kuma kada kowa ta tura shi waje. Muna roƙon Sakatariya ta rubuta takardar neman izini da sunan ƙungiya. In an ba mu, sai mu sa a memori mu raba wa rassa. In ba a ba mu ba, mun dai karu da karatu, sai mu juya kan tatsuniyoyinmu na Gizo da Ƙoƙi, waɗanda gadon kowa ne.

Iyayenmu sun ga yaƙi da jahilci na shekarun 1950. Wasu a nan sun shiga aji bayan gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, lokacin muna cikin Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. Kowane zamani da abin da ya zo da shi a hannu. Su allo da alli suka samu, mu an ƙara mana da waya. Wayar nan da muke jin farashin gero da ita, ita ce dai za ta ɗauki muryar.

Ga roƙon. Muna neman mata daga kowane reshe, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, ko da biyu biyu ne, don kada muryoyin su zama na Gumel kaɗai. Ba sai wadda ta ƙware ba, akwai mai layi uku kacal. Muna neman masu saurare, ko ba ki iya karatu ba kunnenki ya san inda magana ta karkace. Muna roƙon ƙungiya ta saya mana ƙarin littafi, don wanda muke da shi ya sha hannu har bangon ya rabu. Mazajenmu kuma, a ba mu rabin awa bayan isha'i, a riƙe mana yara. Sannan muna jiran jarumar da za ta ɗauki Kyallu. Ba sai ta ɗaga hannu a nan ba, ta samu Malama a keɓe.

Takardar sa suna tana wurin Sakatariya a bakin ƙofa. Wadda ta iya ta rubuta da hannunta, wadda ba ta iya ba tukuna a rubuta mata, baɗi war haka in Allah ya kai mu ita za ta rubuta wa wata.

Allah ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu damina mai kyau da kasuwa mai albarka, ya mayar da kowa gida lafiya.