Dunƙulen Kek: Ƙaramar Loma Mai Fid da Mai Biki Kunya



Watakila waɗansu za su yi mamaki da jin cewa za mu tsaya gaban masu ilmi irinku mu yi magana a kan abin da bai fi loma guda ba. To, dalili ke nan. A cikinmu babu wanda hidima ba ta jiransa. Wani walimar gama karatu ce a gabansa, wani liyafar ƙarin girma, wata kuwa aure ko suna. Kowa kuma ya san yadda irin wannan hidima takan ƙare ga ƙaramin ma'aikaci: a ci a sha cikin yini ɗaya, shi kuwa ya yi watanni yana biyan bashi. Abin da muke so mu nuna shi ne, ana iya karrama baƙi da abu mai kyau, mai daɗi, wanda aka yi a gida da kuɗi kaɗan. Misalin da muka zaɓa shi ne dunƙulen kek, watau kek da aka marmashe, aka haɗa shi da abin da zai riƙe shi, aka mulmula ƙanana.

Asalin wannan dabara tattali ne. A ƙasar Denmak masu gasa burodi sun daɗe suna tattara kek ɗin da bai sayu ba, su marmashe shi, su cuɗa da garin koko, su mulmula su sayar da araha maimakon su zubar. A Amurka kuwa wata mata mai suna Angie Dudley ita ce ta yayata shi a shekarar 2008, sa'ad da ta soke kowane dunƙule a jikin tsinke kamar alewa, kana ta wallafa littafi a kansa a 2010. Daga nan ya bazu cikin duniya har ya iso gidajen bikinmu.

Amma lalle ne mu faɗi gaskiya, mulmula abin daɗi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Iyayenmu mata sun san nakiya, wadda ake yi da shinkafa da zuma ko sukari da man shanu da kayan yaji, a kirɓa a dunƙula, a sa cikin garar amarya tare da alkaki da dubulan. Sun san dakuwa. Ita fura kanta dunƙule ce. Saboda haka hannun da ya iya mulmula fura ba zai sha wuyar dunƙulen kek ba. Abin da ya sake kawai shi ne kayan haɗi.

Bari mu yi ɗan lissafi, tun da mu masu karatu ne. Kek ɗin da aka yi da fulawa giram 250, sukari giram 250, bota giram 250 da ƙwai 4, in aka yanka shi yadda aka saba, da ƙyar zai ishi mutum 12. Wanda ya sami babban yanki yakan ci rabi ya bar rabi a faranti, wanda bai samu ba ya tafi da ƙorafi. Wannan kek ɗin dai, in aka marmashe shi aka mulmula kowane dunƙule ya kai nauyin giram 25, zai ba da kusan 40. Ko da bibbiyu aka ba kowa, mutum 20 sun samu, ba wanda aka fifita a kan wani, ba kuma saura a faranti. Ba a bukatar wuƙa, ba a bukatar cokali.

Tattalin fulawa kuwa ba al'amarin aljihun mutum ɗaya ba ne. Mafi yawan alkamar da ake niƙawa a Nijeriya daga ƙasashen waje ake sayo ta. A shekarar 1987 gwamnati ta hana shigo da ita domin a ƙarfafa nomanta a gida, a wurare irin su Kadawa a Jihar Kano, amma abin da aka noma bai wadatar ba, har aka janye hanin a 1992. Duk kek ɗin da aka zubar a bayan biki, dukiyar ƙasa ce aka zubar.

Yanzu ga yadda ake yi. Da farko a buga botan da sukarin har su yi fari su yi laushi, a riƙa fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya ana bugawa, sa'an nan a zuba fulawar da aka tankaɗe tare da ƙaramin cokali 2 na bekin foda. A gasa a obin mai zafin digiri 180 na ma'aunin Selshiyas, kimanin minti 40, har in an soka tsinke ya fito a bushe. Wanda ba shi da obin, kamar yawancinmu a ɗakunan kwanan ɗalibai, sai ya zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, ya ɗora gwangwanin kek a kai, ya rufe, ya sa wuta kaɗan. Kada a damu in kek ɗin ya tsage ko ya karkace, gama marmashe shi za a yi. Nan ne wannan sana'a ta yi wa ɗan koyo rangwame.

Na biyu, a bar shi ya huce sarai. In aka haɗa shi da ɗumi, botan da za a ƙara zai narke, abin ya zama maiƙo. Bayan ya huce a yanke gefen da ya ƙone, a marmashe sauran da hannu har ya zama kamar tsaki.

Na uku shi ne abin riƙo. A buga bota giram 60 da garin sukari mai laushi giram 120. Wanda ba shi da wannan yana iya amfani da madarar gwangwani mai kauri mai zaƙi, ko dabino da aka jiƙa aka daka. A nan ne yawancin mutane suke ɓata aikinsu, domin sukan juye abin riƙon gaba ɗaya. Daidai ruwa daidai tsaki. A riƙa zubawa cokali cokali ana cuɗawa. Alamar ya isa ita ce, in an damƙa a tafin hannu ya tsaya bai wargaje ba, bai kuma manne wa yatsu ba. In ya yi yawa sai ya caɓe, zaƙinsa ya gundiri mai ci.

Na huɗu, a ɗebo da cokali ɗaya domin girmansu ya zo daidai, a mulmula, a jera a tire, a sa cikin firiji kamar sa'a ɗaya su yi ƙarfi.

Na biyar shi ne riga. Turawa sukan tsoma su cikin narkakken cakulan. Mai son yin haka ya narkar da shi a kwano bisa tukunyar ruwan zafi, ba a kan wuta kai tsaye ba, ya kuma kiyaye kada ko ɗigon ruwa ya faɗa ciki, domin nan take zai daskare ya yi gudaji. Amma akwai abin da littattafan Turai ba za su gaya mana ba. Man koko da ke cikin cakulan yana narkewa a wajen digiri 34, alhali zafin Kano ko Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu yakan kai digiri 40. Wanda ya jera dunƙulen cakulan a rumfar biki da rana cikin bazara, kafin baƙi su zauna ya zama kunu. Shawararmu ita ce a bar cakulan sai lokacin hunturu. A sauran watanni a birkiɗa su cikin soyayyen riɗi, ko dakakkiyar soyayyar gyaɗa, ko kankararriyar kwakwa da aka busar. Waɗannan namu ne, suna da araha, rana ba ta narkar da su, kuma suna rage ƙarfin zaƙi. Sai dai in an sa gyaɗa a sanar da baƙi, gama akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarta.

Akwai gargaɗi guda da ba za mu tsallake ba. Wannan abinci ne da hannu yake taɓawa bayan an gama gashi, ba ya kuma komawa wuta. Saboda haka wajibi ne a wanke hannu da sabulu, a yanke farce, a yi aiki a kwano mai tsabta. In da ragowar kek za a yi, to ya zama wanda aka adana a rufe, ba wanda ya dawo daga farantin baƙi ba, ba kuma wanda ya soma fumfuna ba. A yi su kwana ɗaya kafin biki, a ajiye a wuri mai sanyi, a fito da su dab da rabo. Tattalin da zai kai mutane asibiti ba tattali ba ne.

'Yan'uwanmu maza, kada ku ce wannan zancen mata ne. Gwauron ma'aikaci da aka tura aiki garin da ba shi da uwa ba shi da ƙanwa, shi ma abokan aiki za su zo taya shi murna wata rana. 'Yan'uwanmu mata kuwa, musamman masu neman abin rufin asiri a makaranta, sana'a ce da jarinta bai wuce kwano da tire da fulawa mudu guda ba.

Hausawa sun ce ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Baƙo ba ya tuna tsawon kek ɗin da aka kafa a tsakiyar zaure, abin da ya shiga bakinsa da fuskar da aka tarye shi da ita su yake tunawa. Muna roƙon kwamitin walwala na ƙungiyarmu ya gwada wannan a walimar bankwana da 'yan ajin ƙarshe, a rubuta abin da aka kashe, a gwama da na sayen kek a kanti, a kawo mana sakamakon a taro na gaba.

 Allah ya ba mu sa'ar karatu da albarkar aiki.