AMSAR WASIƘUNKU: Giya Ta Shiga Da Safe, Ta Ƙi Da Rana

Ina gai da mutanen Augie da Argungu da Birnin Kebbi, da dukkan manoman da ke bakin Gulbin Rima. Allah Ya sa a kwashe amfanin gona lafiya, amin.

Wasiƙarmu ta farko a yau ta fito ne daga wani manomin shinkafa, kuma ɗan kasuwa, a Ƙaramar Hukumar Augie. Bayan gaisuwa, ya ce yana da tsohuwar a-kori-kura ƙirar Toyota Hilux mai ja da taya huɗu, watau fowil, wadda da ita yake fito da shinkafa daga fadama ya kai Argungu. Ya ce da safe giya na shiga lafiya lau, amma da rana ta take, mota ta yi zafi, sai lamba ɗaya da ribas su ƙi shiga, in ya matsa sai ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Dabarar da yake yi ita ce ya kashe mota, ya sa giya, sa'an nan ya tayar. Ya kai ta gareji sau biyu, da an isa sai ta yi lafiya. Yanzu an ce masa a sauke giyabos a sa ɗan Beljiyam, kuɗin kuwa zai cinye masa ribar shekara, ga yankan shinkafa ya gabato. Yana tambaya, ya saya ko kada ya saya?

To Alhaji, madalla da wannan wasiƙa. Ni dai aikin koyarwa na koya, don haka na ɗauki takardarka na zauna da tsofaffin makanikai a Birnin Kebbi, waɗanda suka yi furfura a ƙarƙashin Land Rover da Toyota. Amsar a taƙaice ita ce: dakata tukuna. Ciwon da ke zuwa ya tafi yana da lokacin da yake zuwa, kuma lokacin nan shi ne ke nuna inda ciwon yake. Haƙorin giya in ya karye, ya karye ke nan, ba ya warkewa da safe ya dawo da azahar.

Bari mu fara da yadda abin ke aiki. Muddin mota na kunne, inji juyawa yake yi. Kuloci shi ne ke raba inji da giyabos na ɗan lokaci, domin haƙoran giya su samu su haɗu. Idan ka taka kuloci, ƙafarka na tura wani ɗan famfo da ake kira masta. Masta ya tura mai ta cikin siririn bututu zuwa wani ƙaramin famfo da ke jikin giyabos, shi kuma ya ɗage farantin kuloci. In aka samu cikas a wannan hanya, farantin ba zai saki sosai ba. Ka taka har ƙasa, amma inji na ci gaba da jan giyabos, sai giya ta ƙi shiga. A nan ne mutane da yawa ke barin jaki suna dukan taiki.

Ga gwaji uku da ba za su ci maka ko kwabo ba. Amma ka yi su a lokacin da motar ke tutsun, watau da zafinta, a wuri mai baje, ka ja birkin hannu, ka sa wa taya dutse, ka kuma kori yara daga gaba da baya.

Na farko, kashe mota ka taka kuloci, ka bi giya ɗaya bayan ɗaya har ribas. Idan duk sun shiga a kashe, amma da an tayar suka ƙi, to kuloci ne abin zargi. Kai da kanka, Alhaji, ka riga ka yi wannan gwaji ba ka sani ba, tun da ka ce sai ka kashe take shiga.

Na biyu, tayar da mota, ka taka kuloci ka saki da sauri sau biyar ko shida, sa'an nan ka riƙe a ƙasa ka gwada ribas. Idan ta shiga ba ƙara, to iska ta shiga bututun mai, ko robar cikin famfo ta gaji. Kai manomin rani ne, ka san yadda injin ban-ruwa ke yi in tiyo ya sha iska: inji na ta kuka, ruwa ba ya hawa. Haka kuloci yake. Dalilin da ya sa ribas ke fara tona asiri kuwa, a yawancin tsofaffin motocin nan ba ta da zoben tagullar nan da ke daidaita gudun haƙora kafin su haɗu, wanda makanikai ke ce wa sinkiro.

Na uku, sa lamba ɗaya, ka riƙe kuloci a ƙasa kamar rabin minti, ɗaya ƙafar na kan birki. Idan ka ji mota ta fara yunƙurin tafiya da kanta, ko inji na neman mutuwa, to robar masta na barin mai ya koma baya ta ciki. Irin wannan ba ya ɗiga a ƙasa, shi ya sa ake dubawa a ce ba a ga yoyo ba.

Daga nan buɗe bonet ka duba ɗan kofin man kuloci. Ya ragu? Ya yi baƙi? Sa hannu bayan abin takawa ka ji ko akwai danshi, kana ka leƙa ƙasa ka duba ƙaramin famfon da tiyon robar da ke kai masa mai. Man kuloci man birki ne, mai lamba DOT 3 ko DOT 4, kuma yana shan danshin iska in ya daɗe. Tsohon mai da tsohuwar roba su ne ba sa jure zafi, shi ya sa safiya lafiya, rana rigima. Maganinsa a zubar da tsohon man, a sa sabo daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba, a fitar da iska, a canza roba ko famfon gaba ɗaya. Don Allah kada a zuba baƙin mai a kofin nan ko da an rasa, domin yana kumbura roba ya kashe ta.

Sai kuma abin da ya shafe ku mutanen fadama. Wanda ya ga ambaliyar 2010 da ta 2020 ya san yadda ruwa ke kwanciya a hanyoyin yankin nan, kuma ko a shekarar da ba ambaliya, mota ba ta rasa ƙetare ruwa da laka. Giyabos mai zafi in ya shiga ruwan sanyi yakan zuƙi ruwa ta ɗan hancin da yake shan iska. Kwance ƙusar da ke gefen giyabos, wadda ake zuba mai ta nan, ka sa yatsa. Ya kamata man ya kai bakin ramin. Idan ka ga ya yi fari-fari kamar koko, ruwa ya shiga, a juye shi. Kullum ka fara kwance ta gefe kafin ta ƙasa, kada ka zubar da mai ka tarar ta zubawa ta cije. Ka kuma tari man a kwano mai tsabta. Garin ƙarfe mai laushi kaɗan ba abin tsoro ba ne a tsohuwar mota, amma in ka ga gutsattsarin ƙarfe ko na tagulla, to ciki ya taɓu. Ƙaramin akwatin da ke raba ƙarfi zuwa tayoyin gaba shi ma ka duba nasa man.

Laka kuma takan shiga gidan kuloci, tsatsa ta kama sandar da farantin ke zamewa a kai, sai ya riƙa maƙalewa wata rana ya saki wata rana. Masu tsohuwar Land Rover, ku tuna akwai rami a ƙasan gidan kuloci mai ƙusarsa. A ɗaura ta in za a shiga ruwa, a cire in an fito. In aka bar ta a ɗaure, mai na iya taruwa ya jiƙa farantin.

Idan kuwa giya na ƙi ne sai an yi lodi, ko mota ta karkace a kan kunya ko gangare, a duba robobin da inji da giyabos ke zaune a kai. In ɗaya ta tsage, giyabos na gocewa har sandar giya ta tokari ƙarfen ƙasan mota. Haka nan in sandar na yawo kamar muciya a tukunya, ɗan bushin da ke gindinta ne ya cinye, kuma ta sama ake canza shi.

To yaushe ne za a yarda ciwon na cikin giyabos ne? Idan giya ɗaya tak ke ƙara, galibi lamba biyu, kuloci kuma ya ci gwajin nan uku, to zobenta ya cinye. Idan giya na fita da kanta in ka ɗaga ƙafa daga totur a gangare, haƙora ne ko cokalin da ke tura su, ko sifirin ɗin da ke riƙe su. Ko a nan ma, sau da yawa gyara ake yi. Ɗan Beljiyam shi ma tsoho ne, ba ka san wahalar da ya sha ba kafin ya zo hannunka.

Saboda haka Alhaji, bisa ga abin da ka rubuto, alamu sun fi karkata ga man kuloci da famfunansa. Ka ɗauki makanikenka ranar aiki, ku shiga fadama tare, ya ga abin da idonsa lokacin da take yi, gani ya kori ji. Ku fara da mai araha, in bai yi ba ku matsa gaba. Ka kuma daina tayar da mota tana cikin giya. Yana kashe sitata, kuma ranar da ta zabura a bakin kasuwa, abin ya wuce maganar kuɗi.

Wasiƙa ta biyu daga wani mai sayar da albasa a Argungu take. Ya ce Land Rover ɗinsa wani lokaci giya na shiga, inji na kuka, amma mota ba ta motsi. Wani lokaci kuma ƙaramar giya ta ƙi fita bayan ya hau kwalta.

Malam, duba sandar nan mai jan kai. Tana da mazauni uku: gaba na tafiyar yau da kullum, baya na jan nauyi, tsakiya kuwa firi ne. In buhu ko gwiwar karen mota ta ture ta tsakiya, ko wace giya ka sa mota ba za ta motsa ba. Masu Hilux da Land Cruiser, naku an rubuta H2, H4, N da L4, N ɗin nan ita ce firi. Ba a shiga L4 sai mota ta tsaya cak. In kuma tayoyinku na gaba na da makulli a cibiya, a murɗa duka biyun, ɗaya ba ya aiki shi kaɗai.

Ƙin fita kuwa, ga dalilinsa. A cikin fowil, tayoyin gaba da na baya a ɗaure suke, dole su juya tare. A yashi ko laka taya na ɗan sulɓewa ta huce. A kwalta ba ta samun haka, sai ƙarafan su murɗe su cije. Kada ka doki sandar. Ka sauka gefen hanya kan ƙasa, ka yi baya a miƙe kamar taku goma, za ta saki. Ka riƙa fita daga fowil kafin ka hau kwalta, ka kuma tabbata tayoyinka huɗu girmansu ɗaya, iskarsu daidai. Wani abu kuma, in motarka ta girmi samfurin Series III da ya fito a 1971, lamba ɗaya da biyu ba su da zoben sinkiro tun daga masana'anta. Ƙararsu ba ciwo ba ce, taka kuloci sau biyu suke so.

Jama'a, duk mai irin wannan mota ya ajiye ɗan littafi a aljihun gaba. Ranar da ta yi tutsu ya rubuta: da sanyi ko da zafi, wace giya, da kaya ko ba kaya, an shiga ruwa ko ba a shiga ba. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ya sa ɗansa. Makanike ya fi jin daɗin wannan bisa ga a ce masa "tana dai yi wani iri". A kuma duba mota tun kafin kaka, ba a fafe gora ranar tafiya.

Alhajin Augie, muna jiran takardarka mu ji yadda aka ƙare, don wasu su ƙaru. Nan za mu dasa aya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.