Ruwan da ke Tafiya a Ƙarƙashin Ganuwa



Bahaushe yana da kalmomi da dama game da ruwan da ke ratsa ƙasa. In jikin ɗaki ya jiƙe daga tushe, sai ya ce naso. In ruwa na fitowa kaɗan-kaɗan daga gindin rijiya, tsattsafo ke nan. In kuwa ya fito da ƙarfi, ɓulɓula. Manoman Katanga da sauran garuruwan ƙasar Jega, da Aliero da Maiyama, sun san jigawa tana shanye ruwa nan take, laka kuwa tana riƙe shi. Mai noman rani a fadamar Gulbin Zamfara ya san in ya yi tono kaɗan cikin yashi zai tarar da ruwa. Abin da injiniyoyi suka ƙara a kan wannan sani shi ne awo, watau nawa ne ke wucewa, ta wace hanya, kuma a ina zai yi ɓarna.

Tushen awon ya fito daga wani injiniyan Faransa mai suna Henry Darcy, wanda ya kula da ruwan sha na birnin Dijon. A shekarar 1856 ya bayyana gwajin da ya yi da bututu cike da yashi. Ya gano cewa yawan ruwan da ke ratsawa yana ƙaruwa in bambancin tsayin ruwa tsakanin gefe biyu ya ƙaru, yana raguwa in hanyar ta yi tsawo, sa'an nan kowace irin ƙasa tana da nata gwargwadon sakin ruwa. Tsakanin tsakuwa da yumɓu, bambancin ya kan wuce ninki miliyan.

To, amma ƙarƙashin madatsar ruwa ba bututu ba ne. Ruwa ya kan nutsa ta gaban ganuwa, ya lanƙwasa ta ƙarƙashinta, ya ɓullo ta bayanta. Domin ganin wannan tafiya ne aka ƙago wani zane, wanda Philipp Forchheimer na ƙasar Ostiriya ya share wa hanya, Arthur Casagrande kuma ya yaɗa shi a Amurka a 1937. Ni ragar ruwa nake kiransa, domin duk wanda ya taɓa ganin tarun masunta zai gane kamannin. Ana ja layuka masu nuna hanyar da ruwa ke bi, a kuma ja waɗansu su gitta su a miƙe, masu haɗa wuraren da ƙarfin ruwa ya zo daidai. Sai a yi ta gogewa ana gyarawa har kowane ido na ragar ya yi kusa da murabba'i. Yau kwamfuta ke yin wannan aiki, amma a ganina ɗalibin da bai taɓa zana ta da fensir ba, da wuya ya gane in kwamfutar ta ba shi amsar banza.

Bari mu ɗauki misali. A ce an yi ganuwa a bakin fadama, ruwan gabanta ya fi na bayanta tsayi da mita 3, ƙasar kuwa lallausan yashi ce mai sakin ruwa mita 1 a yini. Zanenmu ya ba da hanyoyi 4 da matakai 12. Sai a ninka 1 da 3, a ninka da 4, a raba da 12. Amsa ita ce lita 1,000 a yini ƙarƙashin kowace mita guda ta ganuwar. In tsawonta mita 500 ne, lita 500,000 ke sulalewa kullum. Wannan hasara ce, amma ba ita ce abin tsoro ba, domin babu madatsar ƙasa a duniya da ba ta tsattsafo.

Abin tsoro yana ido na ƙarshe, inda ruwa ke fitowa sama a gindin ganuwa. A misalinmu kowane mataki yana cin santimita 25 na ƙarfin ruwa. In tsawon idon ƙarshe mita guda ne, da sauƙi. In ya matse har ya kusa santimita 25, to turin ruwan ya yi daidai da nauyin yashin, sai yashi ya shiga ɓulɓula kamar tafasar tukunya. Daga nan ruwa ya riƙa kwashe ƙasa, rami yana cin baya-baya ta ƙarƙashin ganuwa har ya isa tafkin. Zaizayar ciki irin wannan ce ta ci madatsar Teton ta Amurka ranar 5 ga Yuni, 1976. Da safe aka ga ruwa mai laka na fitowa daga jikinta, kafin azahar ta fashe, mutum 11 suka rasu, alhali a karo na farko ke nan ana cika ta.

Mu a nan muna zaune ne a ƙasan manyan madatsu. Ta Goronyo a kan Gulbin Rima, wadda aka gama a 1984, da ƙasa aka tara ta, tsawonta ya haura kilomita 12, kuma ambaliyar 2010 ta nuna wa mutanen Sakkwato da Kebbi yadda abin da ya faru a can ke iske su har gida. Amma ƙananan ganuwoyi da madatsun ƙauye sun fi damuna, domin su ne ba su da mai duba su, ga gara da gafiya suna haƙa wa ruwa gajeriyar hanya, ga saiwar itatuwa tana ruɓewa ta bar rami.

Saboda haka ma'aikacin da aka ɗora wa kula da irin wannan wuri, ya riƙa zagaya gindin ganuwa ta baya, musamman a watan Agusta da Satumba. In ruwan da ke fitowa garau yake, ya auna shi da bokiti da agogo, ya rubuta, ya ga ko yana ƙaruwa. In ya ga ya gurɓace, ko yashi na taruwa a bakin ɓulɓular, kada ya toshe ta da laka, domin ruwan zai nemi wata mafita. Sai a kewaye wurin da buhunan yashi, ruwa ya taru a ciki ya danne turin, a shimfiɗa yashi da tsakuwa bisa-bisa yadda ruwa zai wuce ƙasa ta tsaya, a kuma aika wa injiniya a ranar.