Gigin Tsufa: Jawabi ga 'Yan Kasuwar Garwa



Da yawanku kun san dattijon da a da yake riƙe lissafin bashi a ka, yau kuwa ba da canji ma yana rikita shi. Wasu kan ce sammu ne, idan tsohuwa ce a kira ta mayya. Alhali matsalar tana cikin ƙwaƙwalwa.

Idan shekaru suka ja, ƙwaƙwalwa takan ɗan motse, saƙo ya rage sauri tsakanin ƙwayoyinta. Shi ya sa suna kan kuɓuce wa tsoho, jim kaɗan ya tuna. Wannan tsufa ne kawai. Amma idan hawan jini ko ciwon suga ya daɗe ba magani, ƙananan jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa jini sukan ƙuntata, wasu su toshe, ƙwayoyin su mutu. Cutar Alzaima ma tana kashe su. A nan ne mutum ke ɓacewa a unguwarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da wannan lalura.

Don haka ku riƙa auna jininku, ku rage gishiri da dunƙule, ku bar taba. Kada ku ware tsofaffi, hira tana motsa tunani. A zafin Maris da Afrilu ku yawaita ba su ruwa, domin ƙishirwa tana rikita su. Wanda ya rikice farat ɗaya, ku kai shi asibiti a ranar.

Allah Ya sa mu tsufa da hankalinmu.