Takardar da aka juya ba ta zama asali

Jawabin da aka karanta gaban ma'aikatan gwamnati da ƴan kasuwa a unguwar Filato, birnin Yamai.



A zamanin Taron Ƙasa na 1991, takardar hukuma sai ta bi hannu uku kafin ta fita daga biro: mai buga tafireta, mai sa hannu da mai hatimi. Wanda ya kankare lamba ɗaya, tabon da ya bari ne yake tona masa asiri. Yau kuwa kwamfutar hannu mai siffar allo, wadda ta yaɗu bayan fitowar iPad a 2010, ta tara aikin nan duka a hannun mutum guda: ya gyara rubutu, ya juya shi daga Word zuwa PDF, ya aika ta WhatsApp, ba tare da tabo ba.

Mutane da yawa sun ɗauka PDF kulle ne. Kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993 domin takarda ta fito da kama ɗaya a kowace na'ura, kuma tun 2008 ya zama ma'aunin duniya da kowa ke iya amfani da shi. Ana buɗe shi, ana sauya lamba, ana yanko hoton sa hannu da na hatimi daga wata takarda a manna.

Ko babu mugun nufi, juyawa tana ɓarna. Takardar da aka ɗauka hoto ba ta da haruffa a cikinta. Idan aka ce na'ura ta mayar da ita rubutu, kintace take yi. Takan karanta sifiri a matsayin harafin O, ta raba 1 500 000 gida uku, ta wargaza jadawalin farashi. Hausa ta fi shan wahala, domin ɓ, ɗ, ƙ da ƴ sukan rasa lanƙwasarsu: "ƙara" ta koma "kara", "ƙasa" ta koma "kasa". Ɗan kasuwar da ya kai wa duwan takardar kaya mai lamba ɗaya da ta kauce, shi zai biya tara, ba na'ura ba.

Akwai kuma batun sirri. Yawancin shafukan intanet da ke juya takarda kyauta sai an ɗora musu ita tukuna, ta sauka a rumbun wata ƙasa. Ma'aikacin da ya tura jerin albashi ko takardar haihuwa ta wannan hanya ya fitar da amanar jama'a, alhali Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da dokar yaƙi da laifuffukan intanet ta 3 ga Yuli 2019.

Saboda haka ka'ida huɗu ce. A ajiye asali, a yi gyara a kan kwafi. Bayan kowace juyawa a gwada lambobi da sunaye layi bisa layi. Takardar sirri a juya ta cikin na'urar kanta. Hoton sa hannu kuma kada a ɗauke shi daidai da sa hannun lantarki, wanda yake nuna alama da zarar an taɓa rubutun.

Sauran nauyin yana kan hukuma. Muddin ma'aikatun Filato ba su buga asalin kowace sanarwa inda talaka zai gwada ta da wadda ta iso wayarsa ba, mai jabu zai riƙa rigan gwamnati isa kasuwa.