Hannun Kara da Hannun Garkuwa: Lacca Kan Daidaita Tsokokin Jiki



Da Kabara zan fara, unguwar nan ta malamai da ke daf da Gidan Sarki, inda Shehu Nasiru Kabara ya zauna yana karantarwa har rasuwarsa a 1996. Duk wanda ya taɓa tsayawa nan ranar Maukibin Ƙadiriyya ya ga masu bandiri. Hannu ɗaya na riƙe da bandiri a wuri guda, ɗayan na ta kaɗawa, awa da awanni. A zauruka kuwa ga almajiri ya ɗora allo bisa cinya, ya sunkuyar da kai tun asuba. Ba aibata kowa nake yi ba, ni ma haka na yi karatu. Abin da nake so ku lura shi ne, jiki yana ɗaukar siffar aikin da aka saba masa.

Ɗan dambe ya fi kowa nuna wannan. Hannun da ake naɗe wa kara shi ke kai naushi, ɗayan kuwa garkuwa ne kurum. Bayan shekaru, kafaɗun nan biyu ba za su zama ɗaya ba.

Wani likita ɗan ƙasar Cek, Vladimir Janda, wanda ya rasu a 2002, ya bayyana yadda abin ke faruwa ga mai yawan zama. Tsokar ƙirji da ta ƙeya sukan ɗaure, ta gaban wuya da ta tsakanin allunan kafaɗa su yi sanyi. Sai kafaɗu su zubo gaba, kai ya biyo su, alhali nauyin kan babban mutum ya kai wajen kilo 5. Haka nan a ƙugu: gaban katara ya ɗaure, tsokar ɗuwawu ta yi lalaci, kwankwaso ya ɗauki aikin da ba nasa ba.

Gaskiya ita ce masana na baya sun rage wa maganarsa ƙarfi, domin da yawa masu ɗan karkacewa ba sa jin ciwon komai. Ni a ganina haɗarin yana zuwa ne ranar da ɗalibi ya tashi daga wata uku na karatun jarrabawa, ya faɗa filin ƙwallo ko wurin ɗaga ƙarfe da zafinsa. Ɓangare mai ƙarfi ya ƙwace aikin, raunanan ya sha targaɗe.

To, yaya za a gane? Ku tsaya da ƙafa ɗaya gaban madubi, ku ɗan tsuguna a hankali. In gwiwa ta faɗa ciki, ko ƙugu ya zube gefe, ga inda gyara yake. Sai a riƙa fara motsa jiki da raunanan ɓangaren; in ya yi 8 ya gaji, mai ƙarfin ma ya tsaya a 8. Mai son faɗin ƙirji kuma, duk turawar da ya yi, ya biya ta da jawowa. Nauyi kuwa ba a ƙara shi sai motsi ya daidaita.

Ga 'yan ƙwallo akwai hujja daga gida. Hukumar FIFA ta fito da wani tsarin ɗumama jiki na minti 20 a 2006, mai koyar da tsayuwa da ƙafa ɗaya da dirowa daga tsalle gwiwa na saitin yatsu. An gwada shi kan matasan 'yan ƙwallon Legas, aka buga sakamakon a 2014: raunuka sun ragu da kashi 41 cikin 100.

Amma wanda ciwonsa ke sauka daga kwankwaso zuwa ƙafa, ko hannunsa ke mutuwa, kada ya tsaya gwaji a ɗaki. Asibitin Ƙashi na Dala ba shi da nisa.