Bashin Karatun TETFund

Malamin jami'ar da hukumar TETFund mai tallafa wa manyan makarantu ta biya wa karatu a Ingila ko Malesiya yakan sa hannu cewa zai dawo ya koyar na wasu shekaru. Wasu sun gama, sun ƙi dawowa.

Albashin malami a gida bai taka kara ya karya ba, gaskiya ne. Amma kuɗin nan daga harajin ilimi da kamfanoni suka biya ya fito. Wanda ya zaɓi zama can, ya mayar da kuɗin, kada ya bar masu tsaya masa da jidali. Tun Janairun 2025 TETFund ta dakatar da tura malamai waje, kuma tserewar nan na cikin dalilanta, tare da tsadar karatun.